Ba kowa ne sai ya riƙe maik ba

Duk lokacin da aka sanar ana neman masu aikin sa kai a fodkas ɗin da nake taimakawa, saƙonnin da ke shigowa kusan iri ɗaya ne. Ina da labari a yi hira dani, ko zan iya gabatarwa ance muryata tana da daɗi, ko ina so in riƙa yin sharhi duk sati. Madalla, ana so wallahi. Amma da ance to wa zai zauna ya rubuta abin da aka faɗa kalma bayan kalma, wa zai saurari rikodin daga farko har ƙarshe yana farautar inda baƙo ya suɓuce ya ambaci sunan wurin aikinsa, wa zai riƙa amsa saƙon masu sauraro, sai kaji tsit. Kuma waɗannan ayyukan da ake gudu su ne shirin.

Ga wanda bai sani ba, shirin na mazan trans ne, wato mutanen da aka rubuta musu mace ranar da aka haife su amma su sun san kansu maza ne, kuma haka suke rayuwa ko suke fatan su rayu. Ni dai bana cikinsu, gyaran sauti ne ya kawo ni, an nemi wanda ya iya yanka rikodin na ce ga ni, shikenan na zauna. Ba gardamar wa yake da gaskiya na zo yi a nan ba, masu wannan suna da wuraren su da yawa. Maganata akan aikin ne, da irin amanar da ke cikinsa, don naga mutane da yawa suna shigowa da zuciya ɗaya amma basu san me suka ɗauka ba.

Tun kafin a san wani abu fodkas irin wannan aikin da sa kai ake yinsa. A 1986 Lou Sullivan ya fara tara mazan trans a San Francisco ta Amurka, ƙaramin taro na taimakon juna wanda daga baya ya zama FTM International, kuma suka riƙa fitar da wata 'yar mujalla da ake turawa ta gidan waya zuwa ga mutanen da wasunsu basu taɓa ganin wani irin su ido da ido ba. Kaga kuwa dole akwai mai bugawa, akwai mai ninkewa ya saka a ambulan, akwai mai riƙe da adireshin mutane yana ɓoyewa don kar ya faɗa hannun da bai dace ba. Sullivan ya rasu a 1991, Jamison Green ya karɓi ragamar, aikin ya ci gaba. Abin da ya fi burge ni a labarin kenan, da akwai wanda ya riga ya san aikin kafin mai shi ya tafi. Yau kayan aikin sun canza, maik da waya da intanet, amma mai riƙe adireshin nan yana nan har yanzu, shi ne wanda ainihin fayil ɗin rikodin ke cikin kwamfutarsa.

To sai maganar murya, wadda ita ce ta bambanta wannan shirin da fodkas ɗin ƙwallo ko na siyasa. Ga yawancin mutane murya ba abin tunani bace, ka buɗe baki kawai. Ga mazan trans da yawa kuwa ita ce abin da ke tona su a waya, ita ke sa a kira su da abin da basa so, wani ma ya gwammace ya yi awa yana tura tes da ya ɗaga kira na minti ɗaya. A ma'aunin kaifin murya da ake kira Hz, muryar babban namiji yawanci tana yawo tsakanin 85 zuwa 180, ta mace kuma wajen 165 zuwa 255, kunnen mutum kuma cikin daƙiƙa yake yanke hukunci tun baka gama sallama ba. Wanda ya fara amfani da testostiron, wato homon ɗin da ke fito da siffofin namiji a jiki, sinadarin yana kaurara tantanin muryar da ke maƙogwaro sai muryar ta sauka, yawanci ana fara jin canjin cikin watannin shekarar farko, ya ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta zauna, kuma in ta sauka bata komawa ko da an daina. A tsakanin nan muryar tana karyewa tana shaƙewa irin ta yaro mai balaga. Yanzu ka ɗauka kai ne kace wa mutum a wannan halin ya zo ya yi magana minti 40 duniya taji, ba fuska ba hoto, muryar nan kaɗai. Ba ƙaramin abu ka roƙa ba.

Shi yasa edita a irin wannan shirin hannunsa yana buƙatar kunya. A Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce kuma da ita yawancinmu muke aiki, cikin daƙiƙa biyu zan iya saukar da muryar mutum ko in ƙara mata kauri, kuma sabbin masu sa kai da yawa suna ganin kamar alheri ne, wai bari in taimaka masa ya fito kamar namiji sosai. Kar ka yi. Ba a taɓa muryar mutum sai ya nema. Wani zai ji daɗi, wani kuma abin da zai ji shi ne ashe har a nan ma muryata bata isa ba sai an gyara. Cire tari, cire ƙarar fanka, daidaita ƙarfin sauti, wannan aikinka ne. Yadda muryar take kuwa tasa ce. Akwai kuma matsalar tsofaffin hirarrakin da aka riga aka wallafa, mutum yayi hira kafin muryarsa ta canza, bayan shekara biyu ya dawo yace don Allah a sauke bana son jin ta, wani kuma akasin haka, cewa yake a bar ta don na baya su ji yadda tafiyar take. Duka biyun suna da gaskiya, kuma ba edita ne zai zaɓar musu ba.

Mai neman baƙi shima yana da nasa tarkon. In ba a kula ba sai kaga duk waɗanda ake gayyata irin ɗaya ne, masu kaurin murya, waɗanda suka yi tiyata suka canza takardu komai ya daidaita, saboda su ne suka fi sakin jiki da maik. Amma ba kowa ne ke amfani da homon ba, wani baya so, wani lafiyarsa bata bari, wani babu hali ko babu likita a inda yake, wani yana zaune da iyayen da basu san komai ba. Akwai dattijo da ya gane kansa bayan ya haifi 'ya'ya, akwai mai addini da yake kokawa da tambayoyinsa shi kaɗai. In mai sauraro bai taɓa jin murya irin tasa a shirin ba zai ɗauka shirin na waɗanda suka gama ne, shi kuwa ko farawa bai yi ba.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai sa kai ya fahimta tun ranar farko, yadda fodkas yake aiki a fasahance. Kai kana ɗora fayil a wurin kamfanin da ke ajiye maka, shi kuma yana fitar da wani adireshi da ake kira RSS, manhajoji irin su Apple Podcasts da Spotify da wasu ƙanana da baka ma san dasu ba suna leƙa adireshin suna ɗauko sabon kashin shirin, kuma wayoyin mutane da yawa suna saukewa da kansu tun mai wayar yana barci. In bayan awa uku ka gane an bar sunan wani a ciki ka goge, eh zai ɓace daga jerin, amma wanda ya riga ya sauka a wayar mutum ya sauka, wanda ya yanki minti ɗaya ya tura a guruf ya tura, wanda ya sake ɗorawa a YouTube ya ɗora. Magana zarar bunu ce, a fodkas kuwa har da kwafi dubu. Don haka duk wani tsaro kafin a danna maɓallin wallafa yake, bayan nan sai dai haƙuri da addu'a.

Saboda haka ne yardar baƙo ba abu ne na sau ɗaya ba. Cewa eh na yarda a farkon hira bai wadatar ba, don mutum in hira tayi daɗi mantawa yake ana ɗauka, sai ya zube abin da ko abokinsa bai faɗa wa ba. Tsarin da nafi yarda dashi shi ne a tambaye shi kafin a fara wane suna yake so a kira shi dashi a shirin, me baya so a taɓo, sannan bayan an gama gyara a tura masa ya saurara ya ce a cire nan a bar nan, a bashi kwanaki ya kwana da abin, kuma a faɗa masa gaskiyar da na faɗa a sama cewa zamu iya saukewa daga wajenmu amma bamu da iko da wayar kowa. Wasu masu gabatarwa suna jin haushin wannan, wai wurin da ya fi daɗi shi ake cirewa. To a cire mana. Kai sati ɗaya zaka yi kana jin haushi, shi kuwa da abin zai zauna. Kuma kar a manta labarin baƙo ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai mahaifiyarsa a ciki, akwai tsohuwar budurwa ko tsohon miji, akwai likita, su babu wanda ya tambaye su. Tsohon sunan mutum kuwa, wanda ya bari, in ya fito a baki bisa kuskure ana yankewa ne ba tare da an tsaya shawara ba, sai in shi da kansa yace a bari.

Ɓoye mutum ma fasaha ce, kuma mutane sun raina ta. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya canza kaifin murya da manhaja ya ɗauka an gama, alhali duk wanda ya iya danna abu biyu zai iya mayar da ita kusa da yadda take, kuma ko bai mayar ba ƙanwar mutum zata gane yayanta daga yadda yake dariya da kalmomin da ya saba maimaitawa. In da gaske ana so a ɓoye shi, a rubuta abin da ya faɗa wani mai sa kai ya karanta da tasa muryar, a faɗa wa masu sauraro cewa ba muryarsa bace. Ga aiki nan ga masu cewa muryarsu na da daɗi. Sannan akwai abin da ke baya, sanarwar tashar jirgi, ƙararrawar makaranta, wani ya kira sunansa daga ɗaki na gaba. Akwai bayanan da ke maƙale a cikin fayil ɗin kansa, sunan mai kwamfuta ko irin waya, hoto kuma har inda aka ɗauka yana iya nunawa in ba a goge ba. Akwai kuma haɗa ƙananan bayanai, mutum bai faɗi sunansa ba amma yace shi ma'aikacin jinya ne, yana da tagwaye, ya koma sabon gari bara, to ai an gama. Wannan ne yasa nake nacewa sai an sami mai sauraro na biyu, wanda ba shi ya yi hirar ba ba shi ya yanka ba, aikinsa kawai ya saurara da kunnen maƙiyi, yana tambayar kansa in ni ne mai neman wannan mutumin me zan tsinta. Edita in ya ji abu sau goma kunnensa ya daina ji.

Wani zai ce ai wannan tsoro ya yi yawa. Ya danganta da inda baƙon yake zaune, kuma fodkas bai san iyakar ƙasa ba. A Ajantina tun 2012 doka ta ba mutum damar canza jinsin da ke takardunsa ba tare da tiyata ko izinin alƙali ba. A Hungary a 2020 aka rufe wannan ƙofar gaba ɗaya. Rasha a 2023 ta haramta magani da tiyatar sauya jinsi, a ƙarshen shekarar kuma kotun ƙolinta ta ayyana abin da ta kira ƙungiyar LGBT ta duniya, wato ta 'yan luwaɗi da maɗigo da mutanen trans da makamantansu, a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi. Yuganda a 2023 ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 20 ga abin da ta kira tallata luwaɗi, Najeriya kuma tun 2014 tana da dokar da ta sa shekara 10 ga mai kafa ko tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a aikace mai kamawa ba ya tsayawa bambance wane ne trans wane ne ba shi ba. Ko inda doka bata hana ba akwai korar aiki, akwai korar gida. Wannan ya shafi masu sa kai su kansu ba baƙi kaɗai ba, don haka jerin godiya da ake karantawa a ƙarshen shiri sai an tambayi kowa, da sunanka ko da laƙabi ko kar a ambace ka sam.

Daga nan sai tambayar da ba a son yi, wa ake ɗauka. Shirin al'umma yana son ya buɗe ƙofa ga kowa, kuma ya kamata, amma ba kowa ne ya turo saƙo mai daɗi za a miƙa masa ainihin rikodin da lambobin baƙi ba. Akwai mai shigowa don ya leƙa, akwai mai neman abin da zai yanka ya yaɗa, akwai kuma na kirki wanda kawai bakinsa baya riƙe magana, wannan ma ya isa ya jawo masifa. Mafita mai sauƙi ce, sabon zuwa a fara bashi aikin da ba sirri a ciki, ya rubuta taƙaitaccen bayanin kashin da ya riga ya fita, ya zana hoton shiri, ya gyara rubutun da kowa zai gani. In an ga kamun ludayinsa sai a matsar dashi ciki. Ainihin fayil kuma mutum biyu ko uku sun isa su taɓa shi, a tura ta manhajar saƙo ta Signal ko wata hanya mai kulle, kuma a yanke tun farko yaushe za a goge shi bayan shirin ya fita. Ni ban ga amfanin tara rikodin ɗin da ba a gyara ba shekara da shekaru a kwamfutar da ake zuwa da ita ko'ina.

Aikin da nake ganin ya fi kowanne ƙarancin masu yi shi ne duba bayanan lafiya. A irin wannan shirin dole maganar jiki ta taso, kuma baƙo yana faɗin abin da ya faru dashi ne, mai sauraro kuwa da bashi da likitan tambaya ɗauka yake kamar umarni. Wani zai ce tunda na fara allura al'ada ta ɗauke don haka ba maganar ciki, wannan kuskure ne mai haɗari, testostiron ba maganin hana ɗaukar ciki bane, ana iya ɗauka ko da al'ada ta tsaya, kuma yana iya cutar da ɗan tayi. Wani zai faɗi adadin da yake yi wa kansa kamar kowa haka zai yi, alhali likita yana auna jini ne lokaci lokaci saboda sinadarin na ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini har jinin ya yi kauri. Maganar bainda, rigar da ake matse ƙirji da ita, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kar ta wuce awa 8 a rana, kar a kwana da ita, kar a yi amfani da bandeji mai ƙara matsewa ko salatif ɗin kwali don yana hana numfashi yana iya taɓa haƙarƙari. Wanda kuma har yanzu yake da bakin mahaifa yana buƙatar gwajin kansar bakin mahaifa kamar kowa mai shi, ko da gemunsa ya kai ƙirji, kuma da yawa suna gudun gwajin saboda yadda ake kallonsu a asibiti. To wa zai kama waɗannan in sun fito a hira? Sai an sami mai sa kai da ya san fannin, nas ko ɗalibin likitanci ko mai harhaɗa magani, ya saurara ya ce nan a saka gyara. Ba cire labarin mutum za a yi ba, mai gabatarwa ne zai shigo da jimla biyu yace wannan abin da ya same shi ne, ga abin da likitoci ke cewa. Akwai inda za a duba, ƙungiyar WPATH, ta ƙwararru kan lafiyar mutanen trans a duniya, ta fitar da bugu na 8 na ƙa'idojinta a 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a kundinta na jerin cututtuka, ICD-11, da ya fara aiki a 2022 ta cire lamarin trans daga babin taɓin hankali ta mayar dashi babin lafiyar jima'i. Akwai abubuwan da likitocin kansu ke gardama akai, musamman abin da ya shafi yara, kuma shiri mai mutunci faɗa yake ana gardama, ba ya yi kamar an gama magana ba.

Rubuta hira kuwa aikin wahala ne ba ƙarya, awa ɗaya na magana yana iya cin awa huɗu ko fiye in da hannu ne. Amma kurame da masu ƙarancin ji ta nan kaɗai zasu shiga, haka wanda yake gidan da ba zai iya kunna sauti ba kuma saka abin kunne ma tambaya zai jawo, shi karantawa zai yi a ɓoye ya goge. Yanzu akwai manhajojin da ke mayar da magana rubutu, suna rage aiki, sai dai biyu, suna kwaɓa sunaye da kalmomin fannin sai mutum ya bi ya gyara, sannan da yawansu sai ka ɗora fayil ɗin a sabar wani kamfani. Kar a ɗora wanda ba a gyara ba. Kuma a tuna rubutu Google na iya kamo shi fiye da sauti, abin da ya ɓuya a minti na 37 in an rubuta shi ya zama abin da ake samu da bincike ɗaya.

Sai mai riƙe akwatin saƙo, wanda ni a ganina shi ya fi kowa ɗaukar nauyi a zuciya. Mutane suna ɗauka aikin tura na gode ne da alamar zuciya. Ina! Da tsakar dare wani zai rubuto an kore shi daga gida, wani yace ya gaji da rayuwa, wani yaro ne ɗan shekara 15, ga kuma masu zagi da barazana a tsakani. Wanda aka ba wannan aikin ba likitan ƙwaƙwalwa bane kuma kar a bari ya ɗauka shi ne. Tun kafin saƙon farko ya iso a rubuta masa me zai ce, ina zai tura mutum, yaushe zai kira wani a tawagar. A Amurka da Kanada akwai Trans Lifeline da aka kafa a 2014, layin waya da mutanen trans ke amsawa da kansu, amma mai sauraro a wata nahiyar wannan lambar bata da amfani gare shi, don haka wani ya zauna ya tattara abin da ke akwai a ƙasashen da aka fi sauraro ya tabbatar suna aiki. Yara kuma ba a shiga hira ta sirri dasu, ba a ɗaukar muryarsu, wannan kariya ce gare su da mai sa kan duka. Kuma a riƙa karɓa karɓa, mutum ɗaya in ya riƙe akwatin nan wata da watanni zai ƙone.

Kayan aiki bazan daɗe akai ba don an fi cika surutu a kansu. Wayar hannu a ɗaki mai labule da katifa ta fi maik mai tsada a ɗakin da ke amsa kuwwa. In hira daga nesa ce kowa ya ɗauki muryarsa a wajensa a haɗa daga baya, kar a dogara da sautin kiran. A fitar da MP3 mono a 64 kbps, awa ɗaya bai kai MB 30 ba, mai ƙaramin data zai iya saukewa. Shikenan.

Mu da ba trans ba kuma muke son taimakawa, wurinmu yana nan kuma da faɗi, amma yawanci a bayan labule yake. Yanka sauti, rubutu, zane, lissafin kuɗi, tuna wa mutane ranar ɗauka. Abin da za a tattauna da wanda za a gayyata da yadda za a kira abubuwa, masu abin ne ke yankewa. Ni ina faɗin ra'ayina in an tambaye ni, in naga abu zai cutar da wani ina magana ko ba a tambaye ni ba, amma ba ni zan ce wannan labarin ya fi wancan muhimmanci ba. Kuma kar ka mayar da abokan aikinka makaranta, kana tsare mutum da tambayar wace tiyata ka yi alhali ya zo ne ku daidaita jadawali. In kana son sani ai shirin da kake gyarawa yana gabanka, saurara.

Abin da ke kashe irin waɗannan shirye shiryen ba maƙiya bane yawanci, gajiya ce. Ana farawa da zafi duk sati, musamman wajen 31 ga Maris ranar bayyanar mutanen trans ko 20 ga Nuwamba ranar tunawa da waɗanda aka kashe, lokacin kowa na son yin wani abu, bayan wata biyu sai ya rage mutum ɗaya ke neman baƙo shi ke yanka shi ke ɗorawa, ranar da ya kwanta rashin lafiya shirin ya kwanta, in ma ya yi fushi ya tafi to da fasuwod ɗin ya tafi. A yi zango zango, kashi shida ko takwas a huta. Kowane aiki a sami mutum biyu da suka iya. A rubuta yadda ake komai a takarda ɗaya. Kuma a ba mutane damar cewa wannan watan bazan iya ba ba tare da an bi su da fushi ba, don da yawan masu sa kan nan su ma suna cikin irin halin da ake tattaunawa a shirin, yana yanka labarin wanda iyayensa suka yanke shi alhali shima jiya aka kashe masa waya a kunne.

Har yanzu akwai abin da muke ja a kai, in ɗan tallafi ya shigo daga masu sauraro wa za a fara ba. Wasu sun ce sabon maik, wasu sun ce talla don a ƙara masu ji, wasu sun ce baƙi tunda labarinsu ne ake ci. Na baƙin yana da hujja, bana musu. Amma ni in an biya kuɗin ajiye fayil na shekara, ragowar mai rubuta hira da mai riƙe akwatin saƙo zan fara ba, ko kaɗan ne, don su ne kullum suke fara ajiye aikin kuma su ne muka fi daɗewa kafin mu sami madadinsu. A taron da ya wuce ba a goyi bayana ba, zan sake kawowa a na gaba.